Tambaya da Amsa: Baƙin da suka biyo dutse zuwa tankin ruwan gishiri

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da tankin kifin ruwan gishiri mai cin lita 200. Wata biyu da suka wuce na sayo duwatsun teku daga Legas, sai na ga wasu abubuwa masu ruwan ƙasa, kamar ƙananan furanni, suna leƙowa daga ramukan dutsen. Na goge guda uku da buroshi, ga shi yanzu sun haura ashirin. Mene ne su, kuma ina mafita? Daga mai karatu a Barnawa, Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Sunan baƙon naka Aiptasia. Dabba ce 'yar dangin murjani, wato halittar teku mai rai da ke manne a dutse, ko da yake ido na ganinta kamar fure, kuma a cikin ramin dutse ko a gindin murjanin da aka sayo take ɓuya. Tana da dafi a hannuwanta, duk murjanin da ya kusance ta sai ta harbe shi ya tsuke, wani lokaci ya mutu.

Gogewar nan ita ta jawo maka. Da ƙafarta take hayayyafa: ɗan guntun da ya gutsure ya maƙale a dutse sai ya zama cikakkiyar dabba, famfon da ke juya ruwan tankin kuma ya raba guntayen ko'ina. Saboda haka buroshi da wuƙa, a ajiye su.

Idan dutsen da suka fi yawa a kai ba ya ɗauke da murjani, cire shi kawai. Shanya shi a rana mako biyu, ka wanke shi sosai, ka jiƙa shi a bokitin ruwan gishiri kafin ya koma. Amma kada ka kwashe duwatsun duka a rana ɗaya, domin ƙwayoyin bakteriya da ke tace kashin kifi a jikinsu suke zaune.

Waɗanda suka rage, a inda suke za a kashe su. Nemi garin kalkwasa na masu kiwon kifin teku, wato kalsiyam haidiroksaid. Farar ƙasar masu gini ba ta shiga nan, don ba a san abin da aka cakuɗa mata ba. Dama shi da tataccen ruwa ya yi kaurin kunu, ka zuƙa a sirinji. Kashe famfunan tankin, ruwa ya kwanta. Sai ka kai bakin sirinjin a hankali, domin da ta ji an taɓa ta za ta shige rami. Ɗiga kamar rabin mililita a tsakiyar bakinta har ya rufe ta. Bayan minti ashirin ka zuƙe farin da ya zuba a gefe, ka kunna famfo. Yi aikin lokacin da kake da tabbacin wuta ko janareta na kusa, don ruwan da ya daɗe a tsaye iskarsa raguwa take yi, musamman a zafin Maris da Afirilu.

Kada ka wuce huɗu ko biyar a rana. Ma'aunin pH (wato awon tsami ko kanwa-kanwar ruwa) na kalkwasa ya haura 12, tankinka kuwa tsakanin 8.1 da 8.4 yake so, in ka zuba da yawa kifayen ne za su ji a jikinsu. Ruwan lemon tsami ma yana aiki idan an soka shi cikin jikinta da allura, sai dai shi saukar da pH yake yi. Akwai kuma haɗaɗɗen magani irin Aiptasia-X na kamfanin Red Sea. Ka sake duba wuraren bayan mako guda, wasu kan farfaɗo.

Tambaya: An ce akwai halittun da ke cinye su. Wanne zan saya? Daga Unguwar Rimi.

Amsa: Jatan landen Lysmata wurdemanni yana cin ƙanana, musamman in an rage abincin da ake zubawa. A kula, akwai mai kama da shi mai doro a baya, shi kuwa murjani yake ci. Berghia, wani dodon koɗi maras ƙoƙo, ba ya cin komai sai Aiptasia, da sun ƙare yunwa za ta kashe shi. Kifin nan mai dogon baki, Chelmon rostratus, ba ma ba sabon shiga shawarar sayensa, don wuyar ciyarwa gare shi. Sabon dutse kuma a riƙa ajiye shi a wani ƙaramin tanki na daban mako huɗu, ana haska ramukansa da tocila da dare.