Barewar da na gani a Agusta sun ɓace, in sayi lambobin GPS?

Tambaya: Salam Malam. Ina zaune a jihar Kolorado ta Amurka, bana ƙuri'a ta faɗo kaina na samu lasisin harbin namijin barewar nan mai kunnen alfadari, mule deer, zangon bindiga na biyu da ake buɗewa ƙarshen Oktoba. A Agusta na hau dutse na ga maza garke guda suna kiwo a fili, na sa alama a waya. Makon jiya na koma ko sawu babu. Hankalina a tashe yake don hutun kwana biyar kacal aka ba ni. Wani a Facebook ya ce in tura kuɗi ya ba ni lambobin GPS na inda suke, wai da taswirar waya ba sai na sake wahalar zuwa ba. In biya?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Kar ka tura masa ko sisi, kuma ka kwantar da hankalinka, barewarka ba ɓata suka yi ba, lokacinsu ne ya juya.

A Agusta ƙahon namiji danye ne, fata mai laushi ta lulluɓe shi, abu kaɗan ya taɓa shi sai jini, shi ya sa suke zama can sama a fili inda ciyawa take shar, kowa ya gan su. Da Satumba ta kama ƙahon ya bushe sun goge shi a jikin itace, sai garken ya watse, kowanne ya shige duhuwa, ba ya fitowa sai gab da magariba ko asubar fari. Barbara kuma sai wajen tsakiyar Nuwamba, a nan ne namiji ke zubar da wayonsa ya bi mata tsakar rana. Kai zangonka ya faɗo tsakanin biyun, lokacin da suke kan hanyar gangarowa daga wurin rani zuwa inda za su ci sanyi, to ka neme su a tsakiyar dutse, inda itatuwan aspen da gajerun oak suka haɗu da filin gajeren tsiron nan sej (sagebrush). Manyan tsofaffin ma sukan yi taurin kai su zauna sama har sai dusar ƙanƙara ta kore su.

Abin da zai taimake ka shi ne dabbar nan 'yar gado ce, burtalinta ɗaya kamar shanun Fulani, hanyar da uwa ta bi da ɗanta ita zai yi ta bi. A Wayomin masu bincike irin su Hall Sawyer sun ɗaura musu abin wuya mai GPS, suka gano garken da ke tafiyar mil 150 daga Red Desert zuwa Hoback, wata mace mai lamba 255 ma ta yi mil 242 har cikin Aidaho. Kuma kusan kashi 95 cikin ɗari na lokacin tafiyar a zango suke cinye shi suna kiwo, ba gudu suke ba. Na Kolorado ba sa yin nisa haka, wasu ma da ƙyar suke gusawa, amma dokar ɗaya ce, wurin da suke yada zango shi za ka nema.

Yanzu maganar taswirar waya, wallahi ita ce ta ishe ni, duk kaka sai na ji ta. Wani ya zauna a falo ya buɗe manhajar taswira ta onX ya ga kore ya ga layin hanya, shikenan ya zama sarkin baka. Hoton nan da kake gani daga sama galibi da rani aka ɗauke shi, wataƙila shekaru da suka wuce, ba zai nuna maka ƙofar ƙarfe da aka garƙame da kwaɗo ba, ba zai nuna maka itatuwan da ƙwaro ya kashe suka zube kan juna har ka yi awa guda ba ka ci rabin mil ba, ba zai gaya maka hanyar da ka bi da ƙaramar mota a Agusta tana komawa laka mai santsi da zarar ta jiƙa ba, irin wadda ke cika taya har ta daina juyawa. A tsayin ƙafa 10,000 kan dutse ƙarshen Oktoba kana iya kwanciya sama garau ka tashi ƙanƙara ta rufe hanya, babu sabis, batirin waya ya mutu saboda sanyi, mutumin Facebook kuma yana gida da kuɗinka yana shan shayi. Lambobin da zai ba ka fa, mutum nawa ya sayar wa? Kuma na wane wata ne? In na Agusta ne ai kana da irinsu kyauta, ga su nan sun bar ka da dutse. Su ne dai masu tallan kwalbar turare wai tana kiran namiji, da masu jadawalin wata wai ranar kaza ƙarfe kaza barewa za ta fito. Sannan a Kolorado doka ba ta tilasta wa mai fili ya yi shinge ko ya kafa allo ba, kai ne za ka san inda ƙafarka take. Ka bi ɗigon wani ka faɗa filin mutum da bindiga, ga tara, ga yiwuwar dakatar da lasisinka, kuma dakatarwar tana binka sauran jihohi saboda yarjejeniyar da ke tsakaninsu. Taswira tana da amfani, ni ma ina dubawa, amma aikinta ta nuna maka inda za ka je ka duba da idonka.

Zuwanka na Agusta bai tafi a banza ba, ka san hanya, ka san ruwa, ka san yadda huhunka yake a sama. Saura ka buɗe taswirar farauta ta Hunting Atlas ta hukumar namun dajin jihar, Colorado Parks and Wildlife, ka ga wurin rani da wurin sanyi na yankinka, ka zaɓi wuri uku tsakaninsu, sama da tsakiya da ƙasa. Ka karɓi taswirar hanyoyin mota ta hukumar gandun daji, Forest Service, ita ke faɗin hanyar da aka yarda a bi da ranar rufe ta. Ka buga wa jami'in namun dajin yankin waya, kar ka ce masa ina manyan suke, tambaye shi ko sun fara sauka.

Cikin kwana biyar ɗin nan ka ba da biyu kafin ranar buɗewa, kar ka ji ƙyashi. Ka hau tudu tun da duhu ka zauna da madubin hangen nesa, ka daina yawo kana watsa warinka. Kashi mai sheƙi da laushi na jiya ne, wanda ya yi fari-fari na bara ne. In ƙanƙara ta zuba ka duba sawun da ya tsallaka hanya, idan duk ƙasa suka nufa, kwashe tantinka ka bi su. Inda ka ga mata da 'ya'ya ka riƙe wurin, maza ba su da nisa a ƙarshen zangon. Ka sa sarƙar taya da shebur a mota, ka bar wa iyali sunan hanyar da ranar dawowarka, kuma ka duba ko yankinka na cikin waɗanda aka wajabta kai kan dabbar gwajin CWD bana, cutar da ke lalata ƙwaƙwalwar barewa, don dafuwa ba ta kashe ta.