Tambaya da Amsa: Wane irin horo Bulus ya yi wa kansa?

Tambaya: Baba, ina gaisuwa. Wani mai wa'azi ya karanta mana Ayyukan Manzanni 24:16, ya ce kalmar Helenanci da ke wurin tana nufin azabtar da jiki da azumi. Ina fama da gyambon ciki, likita ya hana ni dogon azumi. Na gaza ke nan? Daga wata ɗiyarka a Zonkwa.

Amsa: 'Yata, ba ki gaza ba. Wasiƙarki ta taɓa ni ƙwarai, don na ga mata da yawa sun kwanta ciwo a kan irin wannan koyarwa.

Kalmar ita ce askeo, kuma a duk Sabon Alkawari nan kaɗai ta fito. Tun asali kalmar masu sana'ar hannu ce. A waƙoƙin Homa, mawaƙin Helenawa na zamanin dā, an yi amfani da ita a kan tsohuwa mai gyaran ulu, da kuma gwanin da ke sarrafa ƙaho ya mai da shi bakan harbi. Duk lokacin da na koyar da ita sai kakata ta faɗo mini a rai. Takan zauna a bakin ɗaki bayan la'asar, ta gurje auduga a kan magurji, ta shiɓe ta, ta tsince ƙazanta ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ɗauki mazari. In zare ya tsinke sai ta ɗan jiƙa yatsa ta haɗa, ta ci gaba. Ban taɓa ganin ta yi fushi da audugar ba, gyara ta take yi har ta yi amfani.

Daga baya 'yan tsere da 'yan kokawa suka ɗauki kalmar don atisayen yau da gobe. Mai wa'azinku ma bai ƙirƙiro maganarsa ba: daga wannan tushe aka samo sunan gudun duniya irin na su Antoni na hamadar Masar, wanda ya rasu a shekara ta 356. Amma wannan kusan shekara 300 ke nan bayan Bulus.

Ki duba inda Bulus ya faɗi maganar. Yana tsaye gaban gwamna Filikus a Kaisariya, lauya Tartulus ya gama zuba masa ƙararraki. Sai ya ce kullum yana aiki a kan kansa domin lamirinsa ya zama ba abin tuntuɓe, a gaban Allah da mutane. Lamiri yake gyarawa, ko kusa bai ambaci ciki ba. A Kolosiyawa 2:23 ma shi da kansa ya ce gallaza wa jiki ba ya kashe sha'awar zunubi.

Abin da ya fi ratsa ni yana Ayyukan Manzanni 24:26-27. Filikus ya yi ta aikawa a kawo Bulus, yana sa ran a miƙa masa ɗan toshiyar baki. Shekara 2 ana haka, har Festus ya gaje shi, Bulus kuwa yana nan a tsare. Ki auna sau nawa ya shiga gaban mutumin nan, ya san abin da zai buɗe masa ƙofa, ya koma kurkuku da ƙafarsa.

Azumi abu ne mai kyau ga mai lafiya, ni ma ina yi. Ke kuwa ki ci abincinki a kan kari, ki sha maganin da aka rubuta miki. In kin haɗu da mai wa'azin, ki roƙe shi cikin ladabi ku karanta surar tare har ƙarshenta.