Yaushe ya kamata a fara kai yaro wurin likitan haƙori?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ɗana yana da shekara biyu da wata huɗu. Kwanan nan na lura haƙoransa biyu na gaba, na sama, sun yi wani fari kamar alli a kusa da dasashi, ɗaya ma ya fara yin ruwan ƙasa daga gefe. Ba ya kuka, yana cin abincinsa, amma hankalina ya ƙi kwanciya. Da na ce zan kai shi a duba, uwar mijina ta ce haƙoran nono ne, idan ya yi famfara za su zube wasu su fito. Mai kemis kuma ya ce ya yi ƙanƙanta, likitan haƙori ba ya ganin yaro sai ya kai shekara biyar ko shida, ya ba ni wani maganin sha. Har yanzu da fida yake barci. Shin gaggawa nake yi, ko kuwa na makara?

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah ya raya mana shi. Ba gaggawa kike yi ba. In za a faɗi gaskiya an ɗan makara, sai dai makara ce mai gyaruwa, muddin kika kai shi cikin 'yan kwanakin nan. Abin da ƙungiyoyin likitocin haƙoran yara na Amurka da Birtaniya suka tsaya a kai shi ne a duba bakin yaro cikin wata 6 da tsirowar haƙorinsa na farko, kuma ko yaya ake ciki kada ya cika shekara ɗaya ba a duba shi ba. Tunda haƙorin farko yakan leƙo ne wajen wata 6 da haihuwa, ɗanki ya wuce lokacin da fiye da shekara guda. Maganar shekara biyar ko shida kuwa ban san inda mai kemis ya samo ta ba, domin a shekara biyar ɗin ne muke karɓar yara da kututturen haƙora a baki.

Iyaye kan tambaye ni abin da za a duba a bakin da haƙora huɗu ne kacal a cikinsa. Ziyarar farko ba ta cirewa ba ce, ba kuma ta allura ba. Uwa ko uba ya zauna yana fuskantar likita, ya rungumi yaron, sannan a kwantar da kan yaron a cinyar likita yana kallon fuskar da ya sani. Galibi sai ya tsala kuka, mu kuwa kukan ba ya damun mu, domin mai kuka bakinsa a buɗe yake. Za a ɗaga leɓen sama, a dubi gindin haƙoran da dasashi da harshe, a shafa man fuloraid mai danƙo, wato sinadarin da ke ƙarfafa haƙori, idan da buƙata, cikin 'yan mintuna an gama. Sauran lokacin duka hira ce da iyaye kan abin da yaron yake sha da dare da yadda ake goge masa baki, kuma wannan hirar ita ce ainihin maganin.

Farin da kika gani kamar alli shi ne matakin farko na ruɓewa. Ƙwayoyin cutar da ke maƙale a jikin haƙori suna cin sukari su fitar da tsami, tsamin kuma ya riƙa zare sinadaran da suka ƙarfafa ɓawon haƙori. Muddin fari ne kawai, ɓawon bai fashe ba, ana iya tsayar da shi da fuloraid da gyaran tsafta. Wanda ya koma ruwan ƙasa ne yake buƙatar ido ya gani, domin mai yiwuwa kogo ya soma. Ba mamaki da na sama ne suka fara: idan yaro ya yi barci da fida, yawu yana raguwa, madarar ta taru a kewayen haƙoran gaba na sama har tsawon sa'o'i, alhali na ƙasa harshe ya rufe su, yawu kuma yana wanke su.

Yanzu bari in zo kan maganar Hajiya uwar mijinki, Allah ya ƙara mata lafiya. Ba ita kaɗai ba ce; da wuya rana ta fito ta faɗi ban ji “ai za su zube” ba, daga kakanni da iyaye maza, har da wasu ma'aikatan lafiya da ya kamata a ce sun fi haka sani. Babu wata magana da ta lalata bakin yara kamar wannan, kuma abin da ya sa take da haɗari shi ne rabinta gaskiya ce. Za su zube, amma yaushe? Haƙoran nono guda 20 ne, sukan gama fitowa wajen shekara biyu da rabi zuwa uku. Na gaba suna fara girgiza wajen shekara 6 ko 7, turamen ciki kuwa sai yaro ya kai shekara 10 zuwa 12 kafin su faɗi. Ki yi lissafi da kanki. Haƙorin ɗanki na gaba yana da sauran kusan shekara huɗu a bakinsa, turminsa kuwa takwas ko fiye. Babu babban mutumin da zai yarda ya zauna da ruɓaɓɓen haƙori shekara takwas saboda an yi masa alkawarin wani, amma haka muke yanke wa yara hukunci, saboda su ba su iya nuna inda ke yi musu ciwo ba.

Kuma haƙorin nono ba ya jira kamar na babba. Ɓawonsa siriri ne, bai wuce kusan rabin kaurin na babba ba, jijiyarsa kuma tana kusa da waje, don haka ɗigon da aka raina a farkon shekara yana iya kai wa jijiya kafin shekarar ta ƙare. Idan jijiya ta mutu, mugunya takan taru a ƙarshen saiwa, kuma a daidai wurin ne haƙorin dindindin yake kwance cikin ƙashi yana ginuwa. Mugunyar tana iya ɓata masa ɓawo, ya fito da tabo ko rami tun ranar farko. Wato sabon haƙorin da ake dogara da shi, shi ne tsohon yake lalatawa. Idan kuma turmi ya lalace har aka cire shi da wuri, maƙwabtansa sai su karkato su cinye gurbin, na ƙasa ya zo fitowa ya tarar babu wuri, ya ɓullo a karkace ko ya maƙale. Bayan shekaru sai ka ga iyayen suna neman a sa wa yaro waya a gyara jeri, suna cewa gado ne.

Akwai wani tarkon da wannan tunani yake jefa mutane, wanda ya fi ba ni takaici. Wajen shekara 6, turmin dindindin na farko yana fitowa can bayan haƙoran nono, ba tare da wani haƙori ya faɗi ya ba shi wuri ba. Da yake ba a ga famfara a wurin ba, iyaye sai su ɗauka shi ma na nono ne, su zuba masa ido yana ruɓewa. Na sha zama da uwa ina nuna mata hoton bakin ɗanta mai shekara tara, ina gaya mata wannan da ya ragargaje babu wani a bayansa, ta dube ni ta ce, “Likita, ba zai sake fitowa ba?” Ba zai sake ba. Ƙwayoyin cutar da suka cika baki tun daga haƙoran nono su ne suke tarbar sababbin, shi ya sa yaron da na nononsa suka ruɓe ya fi kowa haɗarin ruɓewar na dindindin.

Kada ki ɗauka matsalar ta gidanki ce kaɗai. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 ya ƙiyasta yara miliyan 514 suna fama da ruɓewar haƙoran nono. Bayan wannan adadi akwai yaron da ba ya barci, wanda yake tauna da gefe ɗaya, wanda ya daina cin abu mai tauri har ya rame, ana ta kai shi neman maganin tsutsar ciki ba wanda ya ɗaga leɓensa. Iyaye amana aka ba su, kuma bakin yaro yana cikin amanar. Bai kamata a ce sai ya kumbura fuska sannan ya cancanci a kula da shi ba.

Game da maganin da aka ba ki, ki ajiye shi, ki tafi da kwalbar ki nuna wa likita. Babu maganin sha da yake cike kogo. Maganin kashe ƙwayoyin cuta yana iya sassauta kumburi na ɗan lokaci, amma tushen ciwon yana nan, zai dawo, kuma ana ɗura wa yaro abin da ba ya buƙata. Wasu masu sayarwar ma ba su san cewa tetirasaikilin, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, yana rina haƙoran da ke ginuwa a yaron da bai kai shekara 8 ba, rinin da ba ya goguwa. Kada a danna asfirin a dasashi, yana ƙona nama, kuma ba maganin yara ba ne. Man shafawa mai kashe zafi da ke ɗauke da benzoken ma, hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a 2018 kada a shafa wa yaron da bai kai shekara biyu ba, saboda yana iya hana jini ɗaukar iska. Idan aka ce miki tsutsa ce a ciki za a fitar da ita, ki kama hannun ɗanki ki fita. Babu tsutsa a haƙori.

Daga daren yau ki fara goge masa baki da kanki, safe da dare, da buroshi mai laushi da man goge baki mai fuloraid, ɗan shafe da bai wuce ƙwayar shinkafa ba tunda bai kai shekara uku ba. Ki tsaya ta bayansa, ki ɗaga leɓen, ki bi gindin haƙoran, kuma kada a kurkure da ruwa bayan an gama. Zai yi tirjiya kwanakin farko, ki daure. Yaro ba ya iya goge bakinsa da kyau sai wajen shekara 7 ko 8. Bayan gogewar dare kada komai ya shiga bakinsa sai ruwa. Fida kuwa lokacinta ya wuce, ki mayar da shi kofi, in ya ƙi barci babu ita ki zuba ruwa zalla har ya haƙura.

A asibiti, mai yiwuwa shafa fuloraid ya wadatar ga farin, mai ruwan ƙasan kuma a cike shi ko a shafa masa wani ruwan azurfa da fuloraid da ke tsayar da ruɓa ba tare da an huda ba, sai dai yana mayar da wurin baƙi, don haka za a nemi yardarki tukuna. Likitan ne zai sa muku ranar dawowa, galibi bayan wata uku zuwa shida ga yaro irin naki. Amma idan kafin ranar kika ga ƙurji a dasashi, ko kunci ya kumbura, ko zazzaɓi, musamman idan kumburin ya doshi ido ko ya kasa haɗiya, kada ki jira gari ya waye. Idan kuma Hajiya za ta yarda ta raka ki, ki tafi da ita, ta ga gindin haƙoran da idonta a ƙarƙashin fitila.