Amsa kan GMC mai ɗaki da ke ajiye a Jidda

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce motarka mai ɗaki, GMC ta 1976, ta shekara shida a ajiye, kana tambaya ko fenti za ka fara yi kafin ka sayar. Don Allah bar maganar fenti tukuna.

Fara da tayoyi. Lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT da ke rubuce a gefen taya su ne mako da shekarar da aka yi tayar. Zafin Jidda yana cinye roba ko zanen bai goge ba. Ka zubar da tsohon fetur, ka sauya tiyon birki da na lagireto, domin injin Oldsmobile 455 da ke cikinta yana ɗaukar zafi. Jakunkunan iska na ƙafafun baya, waɗanda ke ɗauke da nauyin motar, su ma ka kasa kunne, ko suna huci.

Abin da ya fi damuna ɗigar ruwa ce. Ɗaga kafet kusa da banɗaki ka danna katakon da yatsa. Tawa haka na tarar da shi, ya yi lugub kamar jiƙaƙƙen burodi, na yi baƙin ciki sosai.

Sai ka kai ta fahas, wato binciken lafiyar mota na hukuma, ka sabunta istimara, wato takardar rajistar mota, sannan ka sa ta a Haraj, shafin saye da sayarwa na intanet a Saudiyya, da hotunan ciki da rasit ɗin gyara.