Amsa ga 'yar uwar da Mamanta ke son ajiye maganin suga saboda wata 'yar TikTok

Wa'alaikumussalam 'yar uwa. Kin ce Mama na fama da ciwon suga, ta shaƙu da kallon wata mata a TikTok mai cewa maganin asibiti guba ne, wai likitoci sun san maganin warkewa ɓoyewa suke, yanzu Mama na son ajiye maganinta ta koma shan garin da matar ke saidawa, kina tambaya ya za ki yi. Dan Allah kafin komai kar ki bari ta tsaida maganin nan.

Na daɗe ina aiki a kemis, kuma wallahi salonsu ɗaya ne duk inda suke. Basa farawa da ƙarya. Da gaskiya suke farawa, a rage lemon kwalba, a ci zogale, a riƙa tattaki, a samu isasshen barci, duk likita ma haka zai ce miki. Sai mutum ya gwada yaji daɗin jikinsa ya ce ai baiwar Allahn nan ta san abinda take yi. To sai an saki jiki da ita sannan zata fara shigo da tsoro, Turawa na son rage mu, kamfanonin magani basa son ki warke, daga ƙarshe kuma sai kiji mai so ta yi min magana ta WhatsApp, saura roba goma. Mai cewa likitoci kuɗi suke nema ita ma fa kuɗin take nema, bambancin shine in abu ya lalace babu inda zaki kai ƙararta, bulokin ɗinki kawai zata yi.

Kuma manhajar kanta tana taya su, tunda abinda yafi tada hankali shi take turowa mutane. Likita ya fito ya ce suga lallaɓa shi ake yi tsawon rai, waye zai tura ma wani? Amma a ce warkewa cikin sati ɗaya, kafin magariba ya zagaye duk guruf ɗin dangi.

Ba mu kaɗai bane. A Ostareliya anyi wata Belle Gibson da ta ce tana da kansar ƙwaƙwalwa ta magance ta da abinci da wasu hanyoyin da ba na asibiti ba, ta tara mabiya ta saida manhaja da littafi, a 2015 ta amsa cewa bata taɓa yin kansar ba, kotu ta ci ta tarar dala 410,000 kuɗin ƙasarsu a 2017. Mu kuma nan kin tuna lokacin Ebola a 2014, cikin dare aka dinga kiran waya a tashi ayi wanka da ruwan gishiri a sha, har aka rasa rayuka wasu aka kwantar a asibiti.

Abinda yasa maganarsu ke shiga ran iyayenmu shine akwai tabon gaske. Gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer yayi kan yara masu sanƙarau a Kano a 1996 ya faru, ba ƙage bane. Wannan tabon suke sosawa. Amma ki duba da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, cutar ta bazu har wasu ƙasashe, 'ya'yan talakawa ne suka shanye. Don haka kar ki ce ma Mama an yaudare ta ko bata waye ba, zata ƙara kafewa ne kawai.

Abinda yafi ci min rai, suga baya ihu. Akwai wani dattijo da ke sayen magani wajenmu, ya ɗauke ƙafa muka ɗauka tafiya yayi, ashe wani haɗi ya koma sha kuma yana cewa garau yake ji, sai da ɗan ciwo a ƙafarsa yaƙi warkewa aka kai shi asibiti aka yanke masa yatsu. Har yau in na ganshi sai zuciyata ta karye.

Ni bana raina maganin gargajiya, maganin maleriya da muke sha yanzu ma daga wani tsiro dangin tazargade aka samo shi a China, amma sai da aka gwada aka san adadin da za a sha. Garin leda babu wanda ya san me ke ciki, kuma ko kin ga lambar NAFDAC a jikin irin waɗannan, ba shaidar yana warkarwa bane.

Ki zauna da Mama ku kalli bidiyon tare, ki yaba abinda ke daidai na gyaran abinci. Ki saya mata na'urar awon suga ta riƙa ganin lambar da idonta da safe. Ranar ganin likita ki raka ta, ku tafi da garin a leda a nuna masa, ki barta ta yi tambayoyinta da bakinta. In akwai wani babba da take jin maganarsa, yayanta ko malaminta, ki saka shi a ciki. Allah ya ba Mama lafiya.