Mu muka jawo da muka yarda aka yi wa Baba aiki?

Tambaya: Likita, mahaifinmu tsohon soja ne, ya yi aiki da ECOMOG, rundunar wanzar da zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, a Laberiya. Cutar kansa ta toshe masa hanji aka yi masa aiki, ya kwana 9 a ɗakin kulawa ta musamman, Allah Ya karɓi abinsa. Leƙe kawai ake barinmu mu yi, ko shahada ba mu samu laƙƙana masa ba. Ya yi ta fizge-fizge yana kiran abokan aikinsa. Ko sa hannunmu ne ya jawo?
Wata 'yar'uwa daga Yalwa, Bauchi

Amsa: Allah Ya jiƙan Baba, Ya ba ku haƙuri. Ki sauke wannan kayan daga kanki. Hanji in ya toshe, sau da yawa aiki ne kaɗai mafita.

Fizge-fizgen nan ruɗewa ce da ke kama tsofaffi bayan babban aiki, saboda maganin barci, zazzaɓi, ciwo ko rashin barci. Wanda ya ga yaƙi kuwa, filin daga yake komawa. Ga shi soja ba ya cewa wayyo. Ka tambaye shi jiki, ya ce da sauƙi, alhali yana cije baki. Muryar da ya sani a gefen gado tana kwantar da irin wannan ruɗewa, shi ya sa hana ku zama ya fi komai tsaya mini a rai.

Abin da ya kamata shi ne, ranar da likitoci suka ga jiki ya ƙi, su zaunar da ku su faɗi gaskiya, a koma kan rage masa raɗaɗi, da mofin, wato maganin kashe ciwo mai ƙarfi, in ta kama. Mutanenmu na tsoronsa, wai yana ƙarasa mara lafiya. In an ba da shi bisa ƙa'ida, ba haka ba ne. Mu ma likitoci muna da namu laifin, bakinmu na nauyi wajen wannan magana.

A Amurka, ma'aikatar tsoffin sojoji kan tambayi iyalan mamata yadda aka kula da nasu. Iyalan waɗanda masu kula da raɗaɗi suka shiga lamarinsu bayan babban aiki sun fi nuna gamsuwa.

Bayan sadakar arba'in, ki ɗauki babban yayanku ku nemi likitan da ya yi aikin, ya warware muku abin da ya faru kwana bi kwana. Haƙƙinku ne. Ku rubuta tambayoyinku tun daga gida, don a gaban likita kuka kan rigayi magana.