Anti, ciwon cikin 'yata ya ƙi magani: hifnosis ɗin nan magani ne ko sihiri?

Assalamu alaikum Anti, ya aiki, ya ƙoƙari? Allah ya saka miki da alheri.

Ni matar aure ce a Gwammaja, 'ya'yana uku. Babbar ce, 'yar shekara goma, ta sa na rubuto miki. Tun bayan babbar sallar bara take fama da ciwon ciki a daidai cibiya. Da asuba yake taso mata, ta duƙunƙune a katifa tana riƙe da ciki, wani lokacin har gumi ya jiƙe mata riga. Amma rana tana ɗagawa sai ki ganta a tsakar gida tana 'yar carafke da ƙannenta kamar ba ita ba. Mun fara da kemis, aka ba mu maganin tsutsar ciki da na olsa. Muka je asibiti aka yi gwajin jini da na fitsari da na bayan gida, aka duba taifod da maleriya, aka yi hoton ciki. Jininta AA ne, ba sikila ba ce. Likita ya ce bai ga komai ba. A zangon karatun da ya wuce, ranakun da ta yi a gida sun kusa kai waɗanda ta je makaranta.

Hajiyar maigidana ta ce iska ce, tana aiko mana da rubutu da hayaƙi. Abbanta kuma ya ce ƙarya take yi, makaranta ce ba ta so, bulala ce maganinta. Ni ina tsakiya. Na san ba ƙarya take ba, don ni nake ganin idonta idan abin ya taso, amma ba zan ɓoye miki ba, ranar Asabar da Lahadi da lokacin hutu ciwon yana lafawa sosai.

Ƙanwar maigidana nas ce a Ingila. Ita ta ce min a can ana yi wa yara masu irin wannan ciwon wani abu wai shi hifnosis, kuma suna samun sauƙi. Na shiga Facebook na nema, na samu wani mutum da yake kiran kansa dakta, yana da bidiyoyi inda yake kaɗa yatsa mutum ya sulale ya faɗi. Mun yi magana ta WhatsApp. Ya ce naira dubu 150 ne zama uku, in fara tura rabi. Ya ce idan mun zo, ni zan jira a waje, wai idon uwa yana karya aikin. Ya kuma ce zai sa ta tuno abin da ya taɓa faruwa da ita wanda ta manta, wai nan ne tushen ciwon. Da na nuna wa Abbanta sai ya ce rufa-ido ne da aiki da aljanu, ba a gidansa ba.

Anti, mene ne gaskiyar abin nan? Ina da 'yan kuɗin adashena, in yi a ɓoye? Ni kaina yanzu barci ya ƙaurace min, gabana yana yawan faɗuwa ba dalili. Ko ni ma zai yi min amfani?

'Yar'uwarki daga Gwammaja

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ba yarinya lafiya, ke kuma ya sanyaya miki zuciya.

Bari in fara da abin da ba ya jira. Kada ki tura wa mutumin nan ko sisi, kuma kada ki kai masa 'yarki. Namijin da ba ki sani ba ya ce zai rufe ƙofa da yarinya 'yar shekara goma, uwarta tana waje, magana ta ƙare a nan, ko da farar rigar likita ce a jikinsa. Sauran abin da ya faɗa ma duk alamun ɗan damfara ne. Mutanen da suke sulalewa a bidiyo wasan nishaɗi ne na dandali, ana zaɓo masu saurin bin umarni a nuna, ba haka jinya take ba. Batun tono abin da ta manta kuwa shi ya fi haɗari. An daɗe da gano cewa mutumin da ake yi wa hifnosis yana iya "tuno" abin da bai taɓa faruwa ba, ya kuma riƙe shi da yaƙini, musamman idan mai tambayar yana saka masa magana a baki. A Amurka gidaje sun watse kan irin wannan a shekarun 1980 da 1990. Ki duba abin da zai faru idan yarinya ta fito ta ambaci sunan wani kawunta ko malaminta bisa abin da aka cusa mata. A Ingilar ma da ƙanwar mijinki take, doka ba ta tilasta wa mai kiran kansa ɗan hifnosis ya yi wani karatu ba, balle wanda kika tsinto a Facebook. Ma'aunin da nake ba kowa shi ne: wanda bai cancanci duba ciwon cikin yaro ba tun asali, koyon hifnosis ba zai ba shi wannan cancantar ba.

Amma ƙanwar mijinki ba shaci-faɗi ta yi ba. Hifnosis na asibiti akwai shi, kuma kin faɗo a kan ɗaya daga cikin 'yan cututtukan da aka fi samun hujjar amfaninsa a kansu.

Zargin sihiri ba daga Abbanta ya fara ba. Wani likita Bajamushe, Franz Mesmer, ya cika birnin Faris da da'awar cewa akwai wani ɓoyayyen ƙarfi kamar na maganaɗisu da yake sarrafawa a jikin marasa lafiya. A 1784 sarkin Faransa ya kafa kwamitin masana, har da masanin nan Ba'amurke Benjamin Franklin a ciki, suka gwada suka ce babu wani ƙarfi, tunanin mutanen ne yake aiki a jikinsu. A shekarun 1840 wani likitan tiyata a Ingila, James Braid, ya nuna cewa sirrin abin tattara hankali ne a wuri ɗaya, kuma a 1955 ƙungiyar likitocin Birtaniya ta amince a yi amfani da shi a jinya. Mutum ba barci yake ba, ba suma ya yi ba. Yana jin duk abin da ake faɗa, yana iya buɗe ido ya tashi idan ya ga dama. Kin san yadda yaro yake nutsewa cikin tatsuniya, a kira sunansa sau biyu bai ji ba? To kusan wannan halin ne ake shigar da shi da gangan, a yi amfani da shi. Shi ya sa yara, musamman daga shekara takwas zuwa sha biyu, suka fi manya saurin karɓarsa. Cikin manya akwai waɗanda ba ya kama su sam.

Ga yadda zama ɗaya yake. Yarinya tana kan kujera, uwarta tana gefe. Mai jinyar ta ce ta ɗora tafin hannunta a cibiya, ta ja numfashi a hankali har ta ji cikin ya taso, ta sake shi a hankali. Ta tambaye ta wane wuri ta fi so a duniya. Idan ta ce gidan kakarta a ƙauye, sai a kai ta can da baki: me kike gani, wane ƙamshi kike ji, ƙasar da sanyi ko da ɗumi? Idan ta nutsu, sai a ce ta ji ɗumin hannunta yana ratsa fata yana shiga ciki, yana kwance abin da ya ƙulle. Wani yaron a ce ya ba ciwon launi, ya riƙa dusashe launin. Wani a ce akwai maɓalli irin na rediyo, ya rage ƙarar ciwon da kansa. Babu layu, babu kiran sunan kowa, babu abin sha. Sai a ba ta aikin gida, ta riƙa maimaitawa kullum, don maimaitawar ce take yin aikin.

A ƙasar Holan, a 2007, an fitar da sakamakon gwaji kan yara 53 masu irin ciwon 'yarki. An raba su biyu, rabi aka yi musu zama shida cikin wata uku, rabi aka ci gaba da kulawar da aka saba. Bayan shekara guda, kashi 85 cikin ɗari na rukunin farko sun samu lafiya, a ɗaya rukunin kashi 25. Yaran ba su da yawa, kuma ba kowa ya warke ba, amma bambancin ba ƙarami ba ne. Masu binciken sun sake wani gwajin da aka buga a 2017, suka ga yaran da suka riƙa sauraron darussan a faifai a gida sun samu sauƙi kusan daidai da waɗanda suka riƙa zuwa wajen mai jinya. Wannan kaɗai ya isa ya nuna miki ba wata baiwa ba ce a yatsan wani.

Dalilin da ya sa yake aiki a ciki shi ne abin da nake so ki fahimtar da Abbanta. Hanji yana da jijiyoyin saƙo nasa sama da miliyan 100, kuma dare da rana suna musayar saƙo da ƙwaƙwalwa. A wasu yaran wannan hanyar takan yi saurin amsawa, motsin hanji na yau da kullum ya iso ƙwaƙwalwa a matsayin ciwo, tsoro da damuwa kuma su ƙara masa wuta. Hoto ba zai nuna komai ba don babu rauni, amma ciwon na gaske ne. Yaro ba ya ƙirƙiro gumi. Bulala kuwa tsoro za ta ƙara, tsoron ya koma cikin.

Kin faɗi wata magana a tsakiyar wasiƙarki kika wuce, alhali ita ce ta fi jan hankalina: ciwon yana lafawa ranar da babu makaranta. Kafin a nemi kowane mai hifnosis, a nemo abin da yake jiran yarinyar nan a makaranta. Kada ki titsiye ta da tambaya. Lokacin da kike mata kitso ko kuna tsinken zogale, ki jawo hira: wa ake duka a ajinku, wa yake zama kusa da ke, wa yake ƙwace wa yara kuɗin tara, ɗan adaidaita sahun da yake kai ku yana da kirki? Ki tambaye ta banɗakin makarantar. Yara mata da yawa suna matse fitsari da bayan gida tun safe har a tashi saboda ƙazanta ko rashin ƙofa, kuma taurin bayan gida yana cikin manyan abubuwan da suke kawo ciwon ciki a wannan shekarun. Ki je makarantar da kanki ba tare da sanarwa ba, ki ga malamar ajinsu. Idan kin ji abin da ya fi ƙarfin kunnenki, ki yarda da ita tukuna, bincike ya biyo baya.

Ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta ranar da ciwon ya taso, lokacin, abin da ta ci, da yadda bayan gidanta yake. Ki kai wa likitan yara, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko Asibitin Yara na Hasiya Bayero, ki ce masa ciwon yana bin ranakun makaranta, ki nemi ya haɗa ku da masanin halayyar ɗan Adam mai aiki da yara. Ko shi bai koyi hifnosis ba, akwai jinyar gyaran tunani da ɗabi'a, ta hira da koyar da dabaru, wadda ita ma aka tabbatar tana taimakon irin waɗannan yaran. Idan kuwa kika ga tana ramewa, ko jini a bayan gida, ko amai mai yawa, ko zazzaɓi mai dawowa, ko ciwon yana tashinta daga barci cikin dare, ko ya koma gefen dama ta ƙasa, wannan ba na numfashi ba ne, asibiti za ku nufa a ranar.

Numfashin nan da hannu a cibiya za ki iya yi da ita yau bayan isha'i, minti goma, da muryarki, bayan ta yi addu'ar barci. Da safe idan ya taso, ku yi tare, sannan ta shirya ta tafi, ko a makare ne. Zaman gida yana ƙara wa komawar wuya. Ki kuma rage tambayar "ya cikin?" Na san tausayi ne, amma duk tambaya tana mayar da hankalinta kan cibiyar.

Batun halacci, malamai sun yi magana kuma ba bakinsu ɗaya ba. Akwai waɗanda suka haramta saboda sun fahimci da aljanu ake aikin, akwai waɗanda suka halatta idan ƙwararre ne yake yi don magani kuma babu saɓo a ciki. Ku kai wa malamin da Abbanta ya yarda da shi, amma ku kwatanta masa abin da ake yi a zaman kamar yadda na zayyana miki, kada ku nuna masa bidiyon mai kaɗa yatsa ku ce ya yi hukunci. A ɓoye dai kada ki yi komai. Yarinya ce za ta ɗauki nauyin sirrin, cikin da ake nema wa sauƙi shi zai biya. Hajiya kuma ki gode mata, addu'a ba ta hana zuwa asibiti. Hayaƙin ne zan ce a sassauta, ƙirjin yaro ba ya son sa.

Ke kuma. Manya ma suna amfana, an fi ganin haka a rikicewar hanji mai daɗewa, da rage zafi, da fargaba kafin tiyata. Ba a yi wa mai taɓin hankalin da yake jin muryoyi ko ganin abin da babu, mai farfaɗiya kuma sai da sanin likitansa. Amma faɗuwar gaba da rashin barci a mace mai 'ya'ya uku, ni sai an auna jini tukuna: hawan jini, ƙarancin jini, da ƙwayar maƙoshi da ake kira tayirod, duk suna kawo haka. Ranar da za ki kai ta asibiti, ki yanki kati biyu. Kuɗin adashenki ya ishi duka, har da canji.